Filin Lafiya: Ɗaukewar Jini Ba Ita Ce Warkewar Hanji Ba

A watan Agusta na 2020 Firayim Ministan Japan, Shinzo Abe, ya ba da sanarwar zai sauka daga mulki saboda ciwon da ya taɓa sauke shi a 2007, watau gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira kolaitis. Ciwon yana farawa daga dubura ya hau sama, fatar cikin hanji ta kumbura ta tsattsage, mutum ya yi ta zawo da jini da majina. Yakan lafa na watanni ko shekaru, sa'an nan ya komo. Wani likitan Ingila, Samuel Wilks, shi ya fara bayyana shi a 1859.

A da, in jini ya ɗauke, mai jinya ya koma cin abincinsa, sai a ce an yi nasara. Likitoci sun gane cewa wannan bai isa ba, domin mutum yana iya jin garau alhali kuwa gyambon yana nan ɗanye. Irin wannan shi ne ciwo ya fi yi wa kome, kuma kumburin da ya daɗe yana ƙara hatsarin sankarar hanji. Saboda haka abin da ake nema yanzu shi ne fatar hanjin kanta ta warke.

Yadda take warkewa abin al'ajabi ne ƙwarai. Fatar nan layi ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, kuma tana sabunta kanta cikin 'yan kwanaki. In ta ji rauni, ƙwayoyin da ke bakin raunin sukan baje su rarrafa su rufe wurin. Daga nan uwayen ƙwayoyi da ke kwance a gindin ƙananan ramukan fatar su shiga haifar sababbi. A 2007 ne Hans Clevers da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka gano alamar da ake shaida su da ita. A ƙarshe waɗansu daga cikin sababbin su koma masu fitar da majina, wadda ita ce katanga tsakanin jiki da bakteriyar hanji. Bakteriyar nan ma ba duka ne abokan gaba ba: waɗansunsu suna sarrafa dusar hatsi da ganye su fitar da wani sinadari, butiret, wanda shi ne babban abincin fatar.

To, yaya likita zai san aikin ya kammala? Hanya mafi tabbas ita ce a zura na'ura mai ido ta dubura a duba, a kuma ɗebo ɗan tsoka a sa a madubin likita. Amma tana da tsada, ga shan maganin wanke ciki, kuma ba mai son a yi masa ita kowane wata. Awon jini na CRP yana taimakawa, sai dai sau da yawa ba ya tashi ko da hanji na kumbure.

Nan ne amfanin kalfurotektin ya fito. Wani furotin ne da ke cikin fararen ƙwayoyin jini, wanda masana a Norwe suka bayyana a 1980. Duk inda kumburi yake, ƙwayoyin nan sukan yi dafifi, furotin ɗin ya zuba cikin bayan gida, a auna shi. Ƙasa da maikirogiram 50 a kowane giram ana ɗaukarsa lafiya. Shawarar ƙwararru ta 2021 ta ce mai jinya a nemi saukar da nasa zuwa tsakanin 100 da 250. In ya fara hawa a awo biyu a jere, alama ce ciwon yana shirin komowa tun mai shi bai ji kome ba.

Sai dai awon yana nuna kumburi ne kawai, ba ya faɗin dalilinsa. Wannan ya shafe mu a ƙasar nan, inda atini ya yi yawa, kuma alamunsa kusan ɗaya ne da na gyambon. Atini ma yana ɗaga kalfurotektin, haka kuma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen. Mai gyambo yana iya shafe shekaru yana sayen maganin atini a kemis ba sauƙi. Mai atinin amiba kuwa, in aka yi kuskure aka ba shi kotizon, maganin da ke kwantar da gyambon, hanjinsa yana iya hujewa. Don haka likita yakan fara da neman ƙwayar cuta a bayan gida kafin ya rubuta kotizon.