Kukan wata ya zama abin dariyarmu: magana kan odiyon da ke yawo a Yelwa

Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai ya sa wata. Kuma tun yanzu in faɗa: duk wanda ya shigo don ya ji sunan yarinyar da odiyonta ke yawo, ya juya, babu shi a nan. Kar kuma wani ya biyo ni ta bayan fage yana cewa "ɗan uwa, tsakanina da kai wace ce?" Ba zan amsa ba.

Ni mutum ne mai son sauraron labarin rayuwar mutane. Na tashi a Kano, a gidan da ba a kashe rediyo. Idan Freedom ta sako Inda Ranka, ko tari ka yi sai Baba ya harare ka. Da karatu ya kawo ni Bauchi, na kama ɗaki a Yelwa, halin bai bar ni ba. Dare ya yi, an ɗauke wuta, zafi da sauro sun hana barci, sai in toshe kunne da iyafis in kunna Daga Laraba na Aminiya, ko tsofaffin shirye-shiryen Adikon Zamani na BBC Hausa, ko tashoshin YouTube da mutane ke zuwa su ba da labarinsu da bakinsu. A irin waɗannan wurare na ji matan da aka saka da goyo, na ji samarin da suka bar shaye-shaye bayan sun kusa haukacewa, na ji waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa. Wallahi akwai abin da na koya a wajensu wanda babu malamin da ya koya min a aji.

Murya daban take da rubutu. Rubutu kana iya cewa ƙirƙira ne, wani ya zauna ya tsara. Amma murya tana zuwa da numfashin mai ita, da inda ya tsaya ya haɗiye yawu, da inda maganar ta maƙale ya kasa ƙarasawa. Shi ya sa take shiga jiki. Kuma shi ya sa idan aka ci amanarta ciwon ya fi yawa, domin rubutu ana iya musa shi, amma muryarka duk wanda ya san ka zai gane ta.

To yanzu ga abin da ya kawo ni.

Kusan mako uku ke nan aka jefo wani odiyo a grup ɗin loj ɗinmu. Minti bakwai da 'yan daƙiƙu. Wata ɗaliba ce take yi wa ƙawarta magana, ba rediyo ba, ba duniya ba, ƙawarta. Tana cewa mahaifinta ya rasu tana aji biyu, dangi kowa ya kama gabansa, lokacin rijista ya zo babu ko sisi. Wani mutum ya biya mata kuɗin makaranta da na haya da sunan taimako. Daga baya ya zo karɓar abin da ba a yi ciniki a kai ba, da ta ƙi ya fara barazanar zai kira mahaifiyarta ya ɓata ta. Tana kuka tana tambayar ƙawar yadda za ta yi. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Ba zan faɗi makarantarta ba, tsakanin Yelwa da Gwallameji makarantu ba ɗaya ba ne, kuma makarantar ba ta yi mata komai ba. Mu muka yi mata.

Me muka yi? Kafin gari ya waye odiyon ya zaga grup-grup. Akwai wata jimla da ta faɗa cikin kuka, muryarta na rawa. Samari suka ɗauke ta suka mayar da ita abin gaisuwa. Ka faɗi gwaji, a kwaikwayi muryarta. Ƙungiyarka ta sha kashi a gidan kallon ƙwallo, a kwaikwayi muryarta. Wani gwani ya yanko wajen ya ɗora masa kiɗa. Sai kuma masu bincike suka fito, mutanen da ba su taɓa gama aikin aji a kan lokaci ba amma suka kwana suna nazarin lafazi: "Wannan Hausar Azare ce." "A'a, Misau ce, ji yadda take jan magana." "Ƙarar janareton nan na san layin." Har an nuna 'yan mata biyu da yatsa, aka saka hoton ɗaya daga cikinsu, daga baya aka ce ai ba ita ba ce. Babu wanda ya ba ta haƙuri.

Kar ku zaci ina tsaye a gefe ina wa'azi. Ni ma na tura shi. Mutum biyu na tura wa, har da alamar dariya a ƙasa. Ni da nake kwana ina sauraron labarin baƙi har ƙwalla ta cika min ido, da labarin maƙwabciyata ya zo sai na yi dariya.

Abin da ya dawo da ni hayyacina ƙaramin abu ne. Wata yamma na je wani shago a bakin hanyar Dass sayen taliya. Samari uku na zaune a benci, ɗaya ya kunna odiyon a sifika, ana ta shewa. Akwai wata yarinya a gabana, an riga an ƙulla mata kayanta a leda, ta miƙa kuɗi. Da muryar ta tashi sai na ga hannunta ya tsaya. Ta ajiye ledar a kan kanta, ta ja hijabinta, ta fita. Mai shago na kiran "Hajiya canjinki, Hajiya kayanki", ko waiwaye ba ta yi ba. Ko ita ce mai muryar, ko wata ce mai irin labarin da ta ga abin da ke jiran ta ranar da ta buɗe baki. Duk wanda ya kasance a ciki, ban ci taliyar nan da daɗi ba.

Na san amsoshin da za su cika ƙasan rubutun nan, domin na ji su a loj, wasu ma da bakina na faɗe su. Bari mu bi su.

Na farko: "Ai ita ta faɗa da bakinta." Ta faɗa, amma wa ta faɗa wa? Wanda ya shiga situdiyo ya zauna gaban makirfo ya san duniya za ta ji. An tambaye shi ya yarda. Idan ya so a sakaya sunansa, a canza muryarsa, a yanke wajen da zai tona shi. Shi ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai bari. Yarinyar nan mutum ɗaya ta zaɓa a duk duniya. Kunnuwa dubu da suka biyo baya ba ta gayyace su ba. Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ko a doka, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa kariyar sirrinsa, har da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Mu da muke haddace sassan kundin don jarrabawa, wannan sashen ne kawai bai zauna mana ba.

Na biyu: "Darasi muke ɗauka, don wasu su kiyaye." Wane darasi ne yake buƙatar kiɗa a ƙarƙashinsa? Wane darasi ne yake buƙatar ka san layin da take zaune? Idan da gaske darasi ne, me ya sa a cikin dukkan grup-grup ɗin nan ban ga mutum ɗaya da ya tambayi wane ne mutumin da ke mata barazana ba? Shi yana nan lafiya, ƙila ma an tura masa ya saurara a mota. Darasin da aka ɗauka guda ɗaya ne, kuma 'yan mata ne suka ɗauke shi: duk abin da ya same ki, haɗiye shi. Kar ki faɗa wa ko ƙawarki. To ku gaya min, wa wannan darasin ya yi wa amfani in ba irin mutumin can ba?

Na uku, kuma wannan ce mai nauyi, ba zan raina ta ba: "Ai ba don odiyo ya fita ba da azzalumai da yawa ba a kama su ba." Gaskiya ne. A watan Afrilun 2018 wani odiyo ya fita daga Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, inda aka ji Farfesa Richard Akindele yana neman ɗalibarsa da lalata kafin ya gyara mata maki. Ɗalibar ce ta naɗi wayar. Jami'a ta kore shi, hukumar ICPC ta kai shi kotu, a watan Disamban shekarar babbar kotun tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu. A Oktoban 2019 kuma BBC Africa Eye ta fitar da bincikenta a asirce kan malamai masu neman ɗalibai a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Babu mai hankalin da zai ce da ma an rufe waɗannan. Amma ku duba da kyau: muryar wa aka tona a can? Muryar mai ƙarfi, yana tsaka da zalunci. Muryar wa muka tona a nan? Muryar mai rauni, tana tsaka da kuka. Ɗaya hujja ce da aka kai gaban hukuma, ɗaya kuma amana ce da aka kai gidan kallon ƙwallo. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya ko dai bai yi tunani ba, ko yana neman mafaka.

Na huɗu: "Ba ni na fara sakin shi ba." Haka ne, ƙawar da ta fitar da shi tana da kaso mafi girma, ita da Allah. Amma ita sau ɗaya ta danna. Sauran dubun mu ne. Kamfanin WhatsApp kansa ya gane cewa matsalar tana wajen masu turawa: a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 ya ce saƙon da ya sha yawo sai dai wuri ɗaya-ɗaya, a ƙarshen 2023 ya kawo saƙon murya mai ɓacewa bayan an saurara sau ɗaya. Duk wannan bai hana komai ba, tunda mai son cin amana zai ɗora wata wayar a kai ya naɗa. Manhaja ba ta sa wa mutum kunya.

Akwai abin da nake so mu tuna, mu 'yan Yelwa musamman. A Disamban 2023 ɓarayin waya suka daɓa wa wani ɗan uwanmu ɗalibin ATBU wuƙa, yana shekararsa ta ƙarshe, ya rasu. Ɗalibai suka fito kan titi, har aka rufe makaranta. Ranar babu Musulmi babu Kirista, babu ɗan Bauchi babu baƙo, kowa ya san ran ɗalibi yana da daraja. Ba ina daidaita kisa da tura odiyo ba, Allah Ya kiyaye. Tambayata kawai ita ce: mu da muka san zafin a tare mutum a ƙwace masa waya, ya aka yi muka ga babu komai a ƙwace masa abin da ya faɗa a cikinta? Waya ana sayen wata a Wunti. Yarinyar da muryarta ta zaga gari, ina za ta je ta sayo rufin asiri?

Kuma ba sai na yi dogon wa'azi ba, kowa ya san abin da Suratul Hujurati ta ce kan bin diddigin mutane da cin namansu a bayan ido, da irin misalin da aka buga a wajen. 'Yan uwanmu Kiristoci su ma ba a koya musu tsegumi a coci ba. Amma a grup ɗin nan har da masu sahun farko aka yi dariya.

Ga abin da nake roƙo, ba mai tsada ba ne.

Wanda odiyon ke wayarsa ya goge shi yau, ba gobe ba. Ni na goge nawa, na kuma kira mutum biyun da na tura wa na ce su goge. Ɗaya ya ce na cika tsoro. Na ce na ji.

Masu kula da grup, kuna cire mutum don ya saka tallan takalmi, to ku fara cire mai saka muryar da mai ita bai ba da izini ba.

Samari, ku daina kwaikwayon jimlar nan. Idan wani ya yi a gabanka kar ka yi dariya. Shirunka kaɗai ya isa ya sanyaya masa jiki.

'Yan uwa mata, idan ƙawa ta ba ki labarinta ta murya, ki saurara ki goge. Idan abin ya fi ƙarfinki, ki riƙe hannunta ku je wajen babbar mace mai amana, ko ofishin ba ɗalibai shawara, ko lauya. "Na tura wa mutum ɗaya kawai don ta ba mu shawara", daga nan kowace irin wannan masifa take farawa.

Shugabannin MSSN da FCS da na ƙungiyar ɗalibai, ku sa wannan a cikin abin da ake faɗa wa sababbin shiga. Kuma ku duba yadda za a tallafa wa marayun cikinmu lokacin rijista, domin da a ce akwai inda yarinyar nan za ta je ta ce ba ni da kuɗi ba tare da an wulaƙanta ta ba, da babu odiyon ma gaba ɗaya.

Ba na cewa a daina sauraron labarin gaskiya. Ni dai ba zan daina ba, ko daren jiya sai da na saurara. Amma yanzu kafin in danna kowane odiyo da aka turo min, ina tambayar wanda ya turo: mai muryar nan ya san ina ji? Idan ya fara inda-inda, ba na buɗewa.

Ke kuma 'yar uwa, idan rubutun nan ya iso gare ki: ina cikin waɗanda suka yi dariya, ki yafe min. Ba ki yi abin kunya ba don kin yi kuka a gaban ƙawarki. Kar ki ajiye karatunki saboda mu, ba mu kai wannan darajar ba. Ki dawo aji, jarrabawa ta kusa.

Wanda zai yi sharhi bismillah, ko zagi ne na ɗauka. Amma duk wanda ya saka suna, ko hoto, ko ya nuna layi, zan goge in toshe shi, ko ɗakinmu ɗaya.