Daren Kiɗa a Shikago: Abin da Faifai Ba Ya Iya Ɗauka

Yawancin matafiyanmu da ɗalibanmu da ke zuwa manyan biranen Amurka kan dawo da hotunan dogayen benaye da tsarabar kantuna. Shawarata ga wanda ya sauka a Shikago ita ce ya ware dare guda ya saurari makaɗan birnin ido da ido, musamman ƙungiyar Wilco idan ya dace da wasanta.

Jeff Tweedy ya kafa Wilco a 1994, bayan wargajewar Uncle Tupelo, ƙungiyar da faifanta na 1990, No Depression, ya taimaka wajen haɗa kiɗan rok na matasan birni da kantiri, wato kiɗan talakawan karkarar Amurka. Ga mai saurare ta waya, wannan haɗin kan zama kamar ado kawai. A zaure kuwa, mutum zai ga makaɗi ya kwantar da gita a cinya yana jan guntun ƙarfe a kan tsirkiya har ta yi kamar kuka, sannan cikin ƙiftawar ido makaɗa shida su barke da ƙara mai girgiza bene, su kuma koma shiru tare ba tare da wani ya ba da alama ba. Gani ya kori ji.

Akwai kuma dalilin da ya wuce nishaɗi. A 2001 kamfanin Reprise ya ƙi fitar da faifansu Yankee Hotel Foxtrot, suka rabu. Maimakon su sauya waƙoƙin don faranta wa kamfani rai, sai suka saka faifan kyauta a shafinsu na intanet, suka fita yawon wasa. Mutanen da suka ji shi a can su ne suka cika zauruka. A 2002 kamfanin Nonesuch ya fitar da shi, ya kuma zama faifansu mafi kasuwa. Abin dariya, Reprise da Nonesuch duk ƙarƙashin Warner suke. Darasin a fili yake: makaɗin da ke da jama'ar da za su biya kuɗin ƙofa yana da bakin cewa a'a. Yau da manhajojin sauraron kiɗa ke biyan mawaƙi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowace saurare, tikitin shiga zaure shi ne ginshiƙin wannan 'yanci.

Ita ma ƙungiyar ta san inda ƙarfinta yake. A zauren Vic na Shikago ta naɗi faifan Kicking Television a gaban 'yan kallo a 2005, kuma a 2008 ta shafe dare biyar a zauren Riviera tana bin waƙoƙin faya-fayanta.

Mai karatu na iya cewa tikiti da tsada, kuma yawancin waɗannan wurare ana sayar da barasa. Gaskiya ne, kuma kowa ya san iyakar da addininsa da aljihunsa suka shata masa. Sai dai akwai zaurukan da ake zama a kujera kamar a lacca, akwai kuma wasannin bazara na kyauta a dandalin Millennium Park, inda iyalai ke shimfiɗa mayafi a kan ciyawa. Wanda ya zauna cikin irin wannan taro zai ga Amurkawa suna rera waƙar kewar gida da rashin aiki da tsufa, abin da labaran talabijin ba sa nunawa. Idan tafiya mabuɗin ilimi ce, wannan daren yana cikin karatun.