Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Gidajen Rediyon Arewa

Ranku ya daɗe,

Maganar tsofaffin faya-fayan da ke ɗakunan ajiyarku ce ta kawo ni. Kalangun Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kotson Musa Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da ƙwaryar amadar Barmani Choge, da dama daga cikinsu a gidajenku aka naɗe su. Zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da danshi. Yakan yi fumfuna, ya manne da juna, ranar da aka ɗora shi a kan na'ura sai ya tsinke, baiti guda ya tafi ke nan. Masu gyaran injinan da ke juya shi ma sun tsufa.

Wasu sun riga mu farga. A ƙasar Gini an kwashe waƙoƙi sama da 9,000 daga rumbun rediyon gwamnati zuwa kwamfuta, da tallafin Ɗakin Karatu na Birtaniya. A Amurka, tun 2012 aka zuba dubban waƙoƙin gargajiya da Alan Lomax ya tattara a intanet, kowa ya saurara kyauta.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan makaɗa, masu gurmi da kukuma da garaya, waɗanda kasuwa ba ta taɓa buga kaset ɗinsu ba. Shata dai yana wayar kowa. Su kuwa, kwafi ɗaya tal ne, yana hannunku.

Don Allah ku fara da ƙidaya: sunan makaɗi, garinsu, shekarar naɗi. Ku kira tsofaffin ma'aikatanku tun suna raye, su ne suka san murya.

Naku,
Wani mai sauraro