Sadakar Na'urar Asibiti Ba Ta Cika Sai Da Mai Gyara

Duk wanda jinya ta taɓa zaunar da shi a babban asibiti a garuruwanmu ya san wani lungu da ake jibge na'urorin da suka daina aiki. A nan za ka ga kwalbar renon bakwaini ƙura ta lulluɓe ta, ga injin oksijin an naɗe wayarsa an jingine. Da yawansu kyauta ne, wani mai hali ya saya don neman lada, ko wata ƙungiya ta aiko daga ƙetare. Ranar da aka kawo su an yi taro, an yi addu'a. Bayan 'yan watanni wani ɗan abu ya ƙone a ciki, aka rasa wanda zai buɗe ya duba. A ɗakin da ke kusa kuwa, wata uwa tana rungume da jaririn da numfashi ke yi wa wuya.

Matsalar ta shafi ƙasashe masu tasowa baki ɗaya. A shekarar 2011, Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke da ke Amurka sun fitar da bincike kan kayan asibiti sama da 112,000 a ƙasashe 16, suka tarar da kimanin kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Manyan dalilan da suka gano su ne ƙarancin horo, da rashin tsarin kula da kaya, da raunin abubuwa irin su wutar lantarki. Ra'ayinmu a nan shi ne, asibitocinmu sun fi buƙatar injiniyoyin kayan asibiti da ƙwararrun masu gyara fiye da ƙarin sababbin na'urori, kuma ya kamata sadakarmu da karatun 'ya'yanmu su karkata zuwa wannan fanni.

Mu ɗauki injin tace oksijin. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, mafi yawan sauran naitirojin ne. Injin yana zuƙo iskar ɗaki, ya bi da ita ta cikin wani ma'adini da ke riƙe naitirojin, ya fitar da oksijin da ya kai kashi 90 ko fiye. Yana buƙatar wuta tsayayya da matata mai tsabta. A ƙasar da ƙurar hunturu ke toshe komai, wuta kuma tana hawa tana sauka, injin zai iya ci gaba da ƙara alhali abin da yake fitarwa bai isa ya ceci kowa ba, kuma sai mai na'urar awo zai gane. Haka nan injin da aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin 120, idan aka jona shi kai tsaye da tamu mai 230, ƙonewa zai yi. Irin waɗannan abubuwa ba a koya wa likita su, aikin injiniya ne.

Inda aka ba wannan ilimi muhimmanci an ga amfaninsa. A Malawi, malamai da ɗaliban Jami'ar Rice ta Amurka sun haɗa kai da likitocin Asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre, suka ƙera na'urar taimaka wa jarirai numfashi mai suna Pumani, da irin famfon da ake hura wa kifin ado iska. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna kashi 71 cikin ɗari na jariran da aka sa wa ita sun rayu, a wajen waɗanda aka ba oksijin kawai kuwa kashi 44 ne. A Indiya, a 1968, likitan ƙashi P. K. Sethi da wani mai sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, sun ƙera ƙafar roba ta Jaipur, bayan sun lura ƙafar Turawa an yi ta ne don mai takalmi da zaman kujera. Tasu tana ba mutum damar tsugunawa, da zama a ƙasa, da tafiya ba takalmi cikin gona.

A Najeriya ma akwai abin koyi. Farfesa Hippolite Amadi ya shafe shekaru yana tayar da kwalaben bakwaini da aka yasar, yana sabunta kayan cikinsu su koma aiki, kuma a 2023 ya ci babbar kyautar kimiyya ta Najeriya saboda na'urorin numfashin jarirai. Virtue Oboro, wadda ɗanta ya yi fama da ciwon shawara yana jariri, ta samar da gadon Crib A'glow mai haska shuɗiyar fitilar da ke maganin shawarar, yana kuma aiki da hasken rana. Dukansu sun fara ne da duba halin wurin da na'urar za ta zauna: zafinsa, ƙurarsa, wutarsa da aljihun mutanensa.

Wani zai ce wannan nauyin gwamnati ne, kuma asibitin da ba shi da isassun likitoci da magani ina shi ina batun injiniya? Haƙiƙa nauyin hukuma ne, ba mu kuma yafe mata ba. Sai dai likitan da ya gano ciwo amma injin ya mutu, kallon majinyaci kawai zai yi. Sau da yawa kuma abin da ya tsayar da na'urar miliyoyi, fis ne ko batir ko bututun roba. Imamu Gazali a cikin Ihya'u Ulumiddin ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda idan aka rasa mai yin su a gari, kowa ya shiga laifi. A fahimtarmu, tun da magani a yau ba ya yiwuwa sai da waɗannan na'urori, sanin gyaransu ya shiga wannan babi.

Don haka muna kira ga masu hali: kafin ku sayi na'ura, ku tambayi ma'aikatan asibitin abin da suke buƙata, da wanda zai kula da ita, da inda za a sami kayan gyaranta. Ku ware wani kaso na kuɗin don hidimarta ta shekaru. Wanda ya yi wakafin shago ko gida, kuɗin hayarsa na biyan albashin mai gyara da sola ta ɗakin jarirai, sadakarsa ta fi gudana a kan ta wanda na'urarsa ke kwance a sito.

Ku kuma iyaye da ɗalibai, likitanci ba shi kaɗai ne hanyar hidimar marasa lafiya ba. Ana koyar da injiniyancin kayan asibiti a jami'o'i irin su ta Ilorin da ta Legas. Yaran da ke warware waya da rediyo a kasuwar Farm Centre ta Kano sun nuna basirar tana nan, horo da takardar shaida suka rage. Idan ɗanku ko 'yarku na son kwance abu ya ɗaura, kada ku raina wannan baiwa, ku nema masa makarantar da za ta raya ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya karɓi sadakarmu, Ya sa ta amfani waɗanda aka yi dominsu.