Wadda Ta Koyi Karatu, a Ba Ta Abin Karantawa

Tun shekarar 1963 ƙasarmu ta Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. Daga Filinge har Damana, a ƙasar Kurfai da ta Tondikandiya, mata sun zauna a azuzuwan karatun manya, sun koyi baƙaƙe da lissafi bayan sun gama daka da ɗiban ruwa. To, amma ina abin da za su karanta bayan an rufe aji? Kowane malamin karatun manya ya san cewa wadda ta yi damina biyu ba ta buɗe littafi ba, karatunta zai gudu. Wahalarta ta tafi a banza, kuɗin gwamnati kuma sun bi ruwa.

Ra'ayinmu shi ne, a ajiye akwatin littattafai a hannun kowace ƙungiyar mata, su da kansu su riƙe makulli da takardar aro. Ranar da suke haɗuwa don adashi, wadda ta gama littafi ta faɗa wa sauran abin da ke ciki, ta ce ko ya cancanci a karanta. Shaidar maƙwabciya ta fi ta baƙo nauyi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, tana aika jajoji da waƙoƙinta cikin ƙauyuka, matan da ake kira ƴan taru suna koyo daga gare su.

Ga littattafai uku da muke ba da shawara a fara da su. Na ɗaya, So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980: labarin budurwa Bafulatana ce da ta tsaya kan wanda take so, ko da yake ba ƙabilarsu ɗaya ba. Na biyu, Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu: an cire yarinya daga makaranta, aka aurar da ita ga tsoho, daga baya ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Ita kanta marubuciyar tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure. Na uku, Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma nata, na 1990: miji ya kori Rabi da ƴaƴanta, ta riƙe su da sayar da abinci. Wani zai ce irin waɗannan labarai suna tayar da hankalin gida. Mu a ganinmu, abin da ke cikinsu matanmu sun riga sun san shi. Ganinsa a rubuce ne zai sa a tattauna shi cikin natsuwa.

Saura magana ɗaya. Mutanen Tondikandiya galibi Zabarmanci suke yi, Kurfayawa kuwa Hausa. Akwatin Damana dole ya samu littattafan Zabarmanci, ko da sai an fassara.

A shekarun nan rashin tsaro ya rufe makarantu da yawa a jahar Tilaberi. Inda aji ya rufe, uwa mai karatu ita ce malama. Saboda haka muna kira ga hukumomi, da sarakunan gargajiya, da jami'an yaƙi da jahilci, su sa kuɗin akwatin nan cikin kasafinsu. Allah ya taimake mu.