Tafkin Maladumba Zangon Baƙi Ne, Kada A Bari Ya Cike

Duk baƙon da ya sauka a garin Bauchi da niyyar kallon namun daji, tambayarsa ɗaya ce, watau ina hanyar Yankari. Ba a ga laifinsa ba, gama tun da aka keɓe dajin nan a 1956, aka kuma buɗe shi ga jama'a a 1962, sunansa ya game ƙasa saboda giwaye da ɓauna da ruwan ɗumi na Wikki. To, amma Jihar Bauchi tana da wata dukiya wadda ba a cika ambatonta ba, har ma da yawa daga cikin 'ya'yan jihar mazauna Ikko da Badun da Fatakwal ba su taɓa jin sunanta ba. Wannan kuwa shi ne Tafkin Maladumba da ke ƙasar Misau, wanda ake zuwa daga Bauchi ta hanyar Darazo da Kari.

Tafkin ba na gini ba ne, halittar Allah ne, ba shi da zurfi, kuma gandun daji ya kewaye shi. A shekarar 1971 ƙasashen duniya suka ƙulla wata yarjejeniya a garin Ramsar na ƙasar Iran domin kiyaye fadamu da tafkuna masu muhimmanci. A cikin watan Afrilu na 2008 aka shigar da Maladumba cikin jerin wuraren nan, aka rubuta faɗinsa hekta 1,860, tare da Baturiya ta Jihar Jigawa, da Dagona ta Jihar Yobe, da Tafkin Oguta na Jihar Imo. Dalilan da aka bayar su ne yawan irin kifin da ke cikinsa, da kuma tsuntsaye baƙi da ke sauka a kansa. A takardar nan kuma aka yi gargaɗi cewa yashi da laka suna cike tafkin da sauri.

Lokacin da ya fi dacewa da kallo shi ne ƙarshen rani zuwa farkon bazara, watau daga Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin nan kududdufai sun ƙafe, ruwa ya ja baya, saboda haka duk mai fiffike yakan taru a ɗan abin da ya rage. Wanda ya yi sammako bayan sallar asuba, ya sami gindin itace ya zauna shiru, yakan ga abin da masu hayaniya ba sa gani. A irin waɗannan tafkuna na Arewa akan ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an kafa shi, da balbela tana bin shanun Fulani, da kirinjijiya garke-garke, da dinya, da jinjimi. A cikinsu kuma akwai baƙi, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa waɗanda suka gudo wa sanyin Turai tun wajen Oktoba, suna kuma shirin komawa. Suna tashi ke nan sai shamuwa ta iso daga kudancin Afirka, manomi ya san damina ta ƙarato, ya ɗauko fartanyarsa ya kai maƙera.

Babu wanda ya kamata ya fahimci halin tsuntsayen nan kamar ɗan Arewa mazaunin Kurmi, domin su ma 'yan ci-rani ne. Wanda ya taɓa sauka a Agege ko Sabon Badun ko Shagamu cikin dare, ba shi da kowa, ya san darajar zango da ta mai masauki. Tsuntsun da zai koma Turai sai ya ƙetare hamadar Sahara, tafiyar da ta fi kilomita 1,500, ba ruwa ba inuwa. Guzurinsa kitsen jikinsa ne, kuma a fadamun Arewa yake tara shi, har waɗansu ƙananan sukan kusa ninka nauyinsu kafin su tashi. Idan zangon ya bushe, tsuntsu ya tashi ba guzuri, to, cikin rairayi zai faɗi. An ga haka a fili bayan ƙarancin ruwan sama na 1968 a ƙasashen Sahel. Da bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo ba. Kafin a jima kuwa sai ga babban fari na 1973, wanda ya karkashe dabbobi, ya kuma kori dubban magidanta daga gidajensu zuwa biranen Kudu.

Wannan ita ce amsar masu cewa kallon tsuntsu aikin Bature ne da wanda ya ƙoshi. Ruwan da tsuntsu yake sauka a kai, shi ne masunci yake jefa kalli a ciki, shi ne makiyayi yake shayar da garkensa, a gefensa kuma mai lambu yake dasa albasa da tumatir. Ranar da zalɓe ya daina zuwa, to, kifi ya ƙare ke nan, masunci ma tattara komatsansa zai yi. Wanda ke ƙidayar tsuntsaye kowace shekara yana auna lafiyar ruwan ne, kamar yadda malamin asibiti yake auna jinin majiyyaci.

Yadda tafki yake mutuwa ba ɓoyayyen abu ba ne. Idan aka sare itatuwan gefe domin girki da gawayi, aka kuma kai noma har bakin ruwa, sai ƙasa ta rasa abin da zai riƙe ta. Ruwan sama na farko ya kwashe ta ya zuba cikin tafki, kowace damina a ƙara, har zurfin ya ragu. Ruwa mara zurfi kuwa rana ba ta daɗewa ba ta shanye shi ba. Bugu da ƙari, ga raga mai ƙananan idanu wadda ba ta barin ko ɗan tsakon kifi, ga kuma harbin tsuntsaye ba ƙa'ida. Maƙwabta sun isa ishara. Bayan da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke rayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta suka ji a jikinsu. Gauraka ma, wanda dattawa suka saba gani a fadamu, yau ya zama abin labari a galibin ƙasar nan.

Takardar Ramsar ba ta yashe tafki, ba ta kuma dasa itace. Aikin na mutane ne, kuma kowa da rabonsa. Kamata ya yi Gwamnatin Jihar Bauchi ta shata iyakar gandun a fili, ta hana noma da sara a bakin ruwa, ta kuma ɗauki masu gadi daga cikin 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lalle ne kuma a sa Masarautar Misau da hakimai da sarakunan ruwa a gaba, gama tun kafin zuwan Turawa su ne suke sa ranar buɗe su da ranar rufe shi, jama'a kuma suna jin maganarsu. Amma kada a hana talaka abincinsa ba tare da an ba shi madadi ba. Wanda aka ce ya janye gonarsa daga gaɓa, a ba shi wata, a kuma raba dashen itatuwa kyauta. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana nan cikin garin Bauchi, cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis kuma tana Jos, ba nisa. Babu dalilin da zai hana ɗalibansu yin ƙidaya a tafkin kowace shekara, a buga sakamakon kowa ya gani. 'Yan makarantun garin Bauchi ma ana iya fara kai su madatsar ruwa ta Gubi su koyi sunayen tsuntsaye da Hausa kafin a wuce da su Misau.

Mazauna Ikko suna da misali a gabansu. A Lekki akwai wani ɗan gandu na fadama, hekta 78 kacal, wanda wata ƙungiyar kiyaye halittu ta Nijeriya ta kafa a 1990. Gine-gine sun kewaye shi ta ko'ina, amma da yake an tsare shi, kullum jama'a suna biyan kuɗi su shiga kallon birai da tsuntsaye, matasa kuma suna samun aiki. Maladumba ya ninka shi sau ashirin da ɗoriya.

Saboda haka ƙungiyoyin 'yan asalin Bauchi da Misau da Katagum da ke Kurmi, waɗanda suka saba tara kuɗi domin gina masallaci da haƙa rijiya a gida, ya dace su sa tafkin nan cikin lissafinsu. Kuɗin da zai sayi dashe dubu, ko madubin hangen nesa guda biyu domin wata makarantar firamare, bai fi ƙarfinsu ba. Suna kuma iya rubuta wa wakilansu na majalisa su tambayi nawa aka ware wa Maladumba a kasafin bana. Wanda ya zo ganin gida cikin bazara, ya ware yini ɗaya ya kai 'ya'yansa waɗanda aka haifa a Kudu, ya yi hayar ɗan gari ya yi musu jagora, ya kuma biya shi hakkinsa, don mutanen wurin su ga cewa tsuntsu mai rai ma yana kawo kuɗi. Gani ya kori ji. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.