Zari-ruga: Shin gogewar ɗan wasa tana wuce lokacin tashensa?

Yayin da ake tunkarar gasar cin kofin duniya ta zari-ruga ta 2027 a Ostireliya, tsohuwar muhawara ta sake kunno kai a Afirka ta Kudu: wa ya cancanci riga mai lamba 10, matashin da ke tashe ko gogaggen da aka sani? Sacha Feinberg-Mngomezulu ya ci maki 37 shi kaɗai a karawa da Ajantina a watan Satumban 2025, abin da babu ɗan ƙasar da ya taɓa yi a wasa guda. Handré Pollard kuwa zai kasance da shekara 33 lokacin gasar.

Masu goyon bayan Pollard suna kafa hujja da abin da ya faru a Faransa a 2023. Rauni a ƙafa ya hana shi shiga jerin 'yan wasa 33 na farko, Manie Libbok ya gaji gurbinsa. Da Malcolm Marx ya ji ciwo a gwiwa, sai masu horarwa suka kira Pollard, duk da cewa matsayinsu a fili ba ɗaya ba ne, kuma bai daɗe da warkewa ba. A wasan kusa da na ƙarshe da Ingila, an cire Libbok tun kafin hutun rabin lokaci, Pollard ya shiga, ya buga fenariti daga kusan tsakiyar fili ana dab da tashi, aka tashi 16 da 15. A wasan ƙarshe da New Zealand, shi ya ci duka maki 12 na ƙasarsa, aka tashi 12 da 11.

Sai dai akwai hujjar da ke ja da wannan. A 2013 Warren Gatland ya ajiye Brian O'Driscoll, gwarzon Ireland mai shekara 34, a wasan raba gardama tsakanin tawagar Lions da Ostireliya. An yi masa ca, amma tawagarsa ta yi nasara da ci 41 da 16.

Bambancin misalan biyu yana cikin irin aikin da ake nema. Saita bugu, karanta wasa da natsuwa a lokacin da filin ya ɗauki zafi abubuwa ne da ke zama a jikin ɗan wasa bayan shekaru na horo, kuma 'yan watannin jinya ba sa shafe su. Gudu da jure karo kuwa shekaru ne ke cinye su, suna ba ya dawo da su. Abin da Afirka ta Kudu ta rasa a 2023 shi ne mai bugun da ba ya kuskure, bayan damarmakin da ta ɓarar a wasan da Ireland ta doke ta 13 da 8, kuma wannan ne fannin Pollard.

Saboda haka, koma-bayan da rauni ko rashin wasa ya haifar yana wucewa, wanda tsufa ya kawo ba ya wucewa. Aikin Rassie Erasmus kafin 2027 shi ne ya gane wanne ne a gabansa. Idan ya yi kuskure, burin lashe kofin karo na uku a jere na iya suɓuce wa ƙasar.